Ranar da na yi wa rasit guga

Tawadar firintar ofishinmu ta ƙare ana tsaka da buga rahoto, sai oga ya leƙo ya ce, "Malam, taimaka ka sayo da kuɗinka, in ka dawo a biya ka." Duk wanda ya yi aikin ofis ya san "a biya ka" ɗin nan ba ta da rana, amma wa zai ce wa oga a'a?

A kanti aka haɗo ni da takardu biyu. Ɗaya 'yar siririya ce da inji ya tofo, rubutunta da kyar ake gani. Ɗayar kuwa mai kauri, sai sheƙi take, an rubuta bauca ɓaro-ɓaro. Na cusa siririyar a aljihun wando, mai sheƙin na adana ta da kyau.

Washegari na je wurin kashiya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba na fitar da ko sisi sai da bauca."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na zaro abata na ajiye mata a tebur, har da ɗan murmushi. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta cire tabarau, sannan ta ƙwala wa akanta kira ya zo ya taya ta gani. Sai da suka gama dariyarsu tsaf ta ce, "Malam, wannan ai alkawarin ragi kanti ya yi maka in ka koma sayayya. A ina ta nuna ka biya wani abu?"

Akanta, mutumin da ba ya barin damar koyarwa ta wuce shi, ya ja kujera. Rasit, in ji shi, wanda ya karɓi kuɗi ne ke bayarwa, shaida ce cewa kuɗi ya riga ya shiga hannunsa: ga kwanan wata, ga abin da aka saya, ga adadi. Baucan ofis kuwa mai biya ne ke cike ta kafin kuɗi ya fita. Za a rubuta wa za a biya da dalilin biyan, shi ya sa hannu, odita ya duba, oga ya amince, a maƙala rasit a bayanta. Na ce to me ya sa aka ba takardu biyu suna ɗaya? Ya ce ba shi ya raɗa ba, in je in kawo rasit.

Na same shi a aljihun wandon, ya cukurkuɗe. Na ce haba, ba zan kai wa Hajiya wannan ta ƙara samun abin dariya ba. Na shimfiɗa shi, na ɗora dutsen guga. Ina ɗagawa na ga takarda ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ashe irin wannan inji ba ya aiki da tawada, zafi ne ke fito da rubutun, ni kuwa na ba takardar zafin gaba ɗaya. Har yanzu ina ganin ya kamata a riƙa rubuta gargaɗi a jiki.

Na koma kantin, na yi ta magiya har suka binciko cinikin a kwamfuta suka bugo mini kwafi. Na ce bari in ci moriyar ragin tun da na zo. Yaron ya nuna mini wani mitsitsin rubutu a ƙasa: wa'adinta ya wuce.

Bauca ta gama yawonta daga tebur zuwa tebur, aka kira ni. Hajiya ta ƙirgo kuɗina, na ƙirga, na gyara tsayuwa irin ta wanda ya yi karatu, na ce, "To Hajiya, ina rasit ɗina?"

Ta turo mini biro. "Wa ya karɓi kuɗi yanzu, ni ko kai? Sa hannu a nan."