Ranar da aka mayar da ni da kular farfesuna daga ƙofar asibiti

Shekarata ta shida ke nan a Mancesta, har na ɗauka halin Turawa ya daina yi mini ciwo. Sai ga shi watan jiya an kwantar da 'yar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara 14 da ke gaishe ni da "sannu" ɗin da na koya mata. Na haɗa farfesun kaza, na zuba a kula, na hau bas. A bakin sashen, tari ya kufce mini sau ɗaya, ragowar mura. Nas ta yi mini murmushin nan nasu na saman leɓe, ta ce in yi haƙuri, ba zan shiga ba.

Daga inda na tsaya ina hango ciki. Dogon lungu fes, ƙofofi duk a rufe, kowane mara lafiya da ɗakinsa da banɗakinsa. Ma'aikaci zai shiga, sai ya goge hannu ya ɗaura rigar leda, ya fito ya cire ya jefar. Ba benci, ba tabarma, ba buta, ba ko mutum ɗaya mai cewa "ya mai jiki?" Shiru kamar banki. Na juyo da kulata, fuskata na zafi.

Da yamma uwar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. A bakinta na ji abin da ya fi korar tawa ɗaure mini kai: a ɗakin da ke jikin na 'yarta akwai ƙawarta ta tsawon shekara uku, cutarsu ɗaya, amma ba su taɓa zama wuri guda ba. Ta waya suke hira, bango ɗaya tsakaninsu.

Cutar sunanta sistik faiburosis. Gadonta ake yi kamar sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. A Birtaniya kusan mutum 1 cikin 25 na ɗauke da ita bai sani ba, masu fama da ita kuma sun haura 10,000. Majinar huhunsu kauri take yi kamar ƙaro, ba ta sharuwa, duk abin da ya faɗa ciki ya samu wurin zama. Babbar mai zama ita ce wata ƙwayar cuta, Sudomonas, da ke rayuwa a ƙasa da ruwa da magudanar wanke-wanke, wadda mai lafiya bai ma san da ita ba.

Daren nan na kwana ina karatu, don in samu abin da zan kafa hujja da shi a kansu. Ban samu ba. Ƙwayar tana shigowa ne da wutsiyar iyo da dafinta. Da shekaru suka tafi sai a tarar jikokinta sun yar da wutsiyar, domin da ita sojojin jiki ke gane su. Sun rage dafi, sun rage hanzari. Sai su fara fitar da wani yauƙi kamar na kuɓewa, su taru su yi unguwa a ƙarƙashinsa, inda magani ke isa da ƙyar. Ba wayo ba ne, waɗanda ba su sauya ba ne suka mutu. Wasu ma na'urarsu ta gyara kuskuren gado ke lalacewa, kurakurai su yi ta yawa, cikinsu a dace da wanda ya fi ƙarfin magani. A 2006 masu bincike a Siyatul ta Amurka sun gwada ƙwayar da aka ɗauka daga yaro ɗaya a farko da wadda aka ɗauka bayan shekara 8, suka ƙirga sauyi 68. Baƙo ya zama ɗan gari. Har dangi-dangi suke rabuwa a huhu ɗaya, na wannan lungu daban da na wancan, shi ya sa maganin da ya ci kakin da aka kai ɗakin gwaji ba lallai ya ci saura ba.

To, irin wannan gogaggiyar in ta tsallaka huhun wata yarinyar, da shirinta take isa. Likitoci sun koyi haka da gawa. Farkon shekarun 1990 wata ƙwayar, Bakoldariya, ta bi masu cutar da ke cuɗanya da juna, aka yi rashe-rashe, aka rufe sansanonin hutun yaran. A 1996 aka ba da rahoton wani irin Sudomonas mai ƙin magani yana yawo tsakanin yara a Libaful. Murar tawa ma, ashe, tana iya tayar mata da ciwon na makonni.

Na yarda, nas ta yi daidai. Na kuma san mu ba mu da bakin magana a kan ƙwayoyin cuta, mu da ke sayen kafso huɗu a kemis mu daina sha da zarar zazzaɓi ya sauka. Amma abin da ba zan haɗiye ba, dokar da aka yi don yaran nan ita ce halin gari duka. Wanda ba shi da Sudomonas ma ƙofarsa a rufe take. Da na haihu a nan, kati aka turo mini ta ƙasan ƙofa, wai an taya ni murna. Kati! Ku da ke gida kuna ƙorafin 'yan dubiya sun cika ɗaki, sun hana mara lafiya barci. Wallahi ba ku san abin da kuke da shi ba. Akwai rabin warkewa a hayaniyar nan, ko likitan Ingila bai rubuta ba.

Wata huɗu ke nan Hajiyarmu na kwance a Zariya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Duk Lahadi ƙanwata ke kara mata waya, in ga gefen fuskarta da silin da kawunan matan unguwa suna leƙowa su ce a gaida mutanen Turai. Yaran can na asibiti ƙwayar cuta ce ta raba su. Ni kuɗin jirgi ne da takardar zama da ban gama sabuntawa ba. Wannan Lahadin ta ce, "'Yar nan, ko sai an yi sadakar uku za ki zo?" Matan suka yi dariya, suka ce kai Hajiya. Na ce mata sai bayan sallah, in Allah ya yarda. Haka na ce mata bara ma.