Makon da Na Yi Niyyar Zama Cikakke

Laifin na fanka ne. Da a ce akwai wuta ranar Lahadin nan, fankar majami'armu da ke Sabon Gari tana juyawa, da na yi ɗan gyangyaɗina kamar yadda na saba, wa'azi ya bi ta saman kaina ya wuce lafiya. Amma zafin Afrilu na Kano ya hana ido rufuwa, sai na ji komai tiryan-tiryan. Fasto ya buɗe Matiyu sura 5, ya bi ta aya-aya har ya dire a ta 48, inda Yesu ya ce mu zama cikakku kamar yadda Ubanmu na sama yake cikakke. Ya ɗago kai ya dubi jama'a. Da zan iya rantsuwa, da na rantse ni yake kallo, amma surar nan ta hana rantsuwa.

A hanyar gida na sayi littafin rubutu mai falle 40. Niyyata mako guda cur ba zunubi, in kuma na kuskure in rubuta. Da na gaya wa uwargida sai ta ce, "To, Baban yara, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa wanda ya ce zai tsallake kogin Challawa da ƙafa a watan Agusta.

Litinin da safe na hau adaidaita daga Birget zuwa Bata. Na miƙa ɗari biyar, yaron ya cusa a aljihu ya ce ba canji, ya ja ya bar ni da hayaƙi. Kalmar da ta taso mini tana nan cikin aya ta 22, an ma faɗi hukuncin mai kiran ɗan'uwansa da ita. Na haɗiye ta da ƙyar, kamar ƙwayar maganin zazzaɓi ba ruwa. Sai na tuna Bitrus ya taɓa tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa mutum, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Ni ɗan kasuwa ne, nan take na buga: 490. Na juya littafin ta baya na rubuta, "Ɗan adaidaita, 1. Saura 489." A raina kuwa na ce ai ba a ƙirga yafiya sai an rubuta laifi. Haka littafin ya sami ƙofa biyu, ta gaba tawa, ta baya ta jama'a.

Robobi nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari: bokiti, baho, buta, kwandon wanke-wanke. Duk wanda ya san kasuwa ya san akwai maganar da ke fita daga baki ba tare da ta bi ta zuciya ba, wato "ko uwar kuɗi ban mayar ba." Aya ta 37 kuwa ta ce i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a. Wata Hajiya ta ɗauki babban baho ta ce, "Tsakaninka da Allah, nawa ka saro shi?" Na faɗa mata gaskiya, har da kuɗin dako. Ta yi shiru. Ta ɗaga bahon sama tana haska shi da rana, ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta shinshina. "Malam, faɗa mini inda ya tsage." Na ce bai tsage ba. Ta ajiye, ta shiga rumfar maƙwabcina Alhaji, ya rantse mata sau uku, ta sayi irinsa sak da ƙarin ɗari uku, ta fito tana murna. Bayan ta tafi Alhaji ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, in jikin ne ka je gida ka kwanta, zan duba maka rumfar." Su biyun duk na rubuta su.

Daren Talata aka kawo tuwo miyar kuka. Uwargida ta ce, "Yaya miyar?" Shekara goma sha huɗu amsata ɗaya ce: hannunki akwai albarka. Ranar kuwa na ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ajiye ludayi a hankali. "Yau kaɗai?" Jama'a, a nan ne ya kamata in tuna abin da Yaƙub ya faɗa a wasiƙarsa sura 3, cewa harshe ƙaramar gaɓa ce amma wuta ce. Na ce tun muna amarci. A falo na kwana, ni da sauro, na yafe musu har na ɓata lissafi.

Zuwa Alhamis shafina na gaba layi biyu kacal ne, ta baya kuwa ta kai shafi tara. Tafiyata ma ta canza, ina takawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. A addu'ar dare na ce, "Ya Ubangiji, na gode maka da ban zama kamar ɗan adaidaita ba, ko Alhaji mai rantsuwa." Sai autarmu ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Baba, ai wannan addu'ar Bafarisiyen nan ce ta Luka 18, an koya mana a makarantar Lahadi. Mai karɓar harajin ne aka karɓi tasa." Na ce amin da sauri. Ita ma na buɗe mata shafi.

A daren ne abin ya faru. Ba yunwa nake ji ba, wannan shi ne abin da har yau yake ɗaure mini kai. Ƙarfe biyu na farka, ƙamshin miyar gobe yana shigowa falo. Ƙafafuna suka kai ni kicin ba su yi shawara da ni ba. Tsoka ɗaya, ta biyu, ina laluben ta uku murfin tukunya ya suɓuce. Ban taɓa sanin murfi yana da jiniya ba sai ranar. Ya yi ta juyi a siminti kamar ba zai tsaya ba. Hasken tocila ya dallare mini fuska. Baki cike na ce, "Maman yara, ko Manzo Bulus a Romawa 7 ya ce nagarin abin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake yi." Ta ce, "Bulus bai taɓa tukunyata ba."

Washegari na rufe rumfa da wuri na je wurin wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon malamin makaranta. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce ba a kaina farau ba. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, yana ɗan shekara 16 ya bi abokai suka kaɗe 'ya'yan itacen wani, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu. Na ce, "Baba, ni dai na cinye nawa, ban yi almubazzaranci ba." Ya ce in yi shiru. A zamanin Agustin ɗin, in ji shi, wani Pelajiyus daga Birtaniya ya koyar cewa mutum zai iya rayuwa ba zunubi in ya ɗaura niyya, taron bishop-bishop a Kartaj ya ƙi wannan koyarwa a 418. "Ɗana, kai almajirin Pelajiyus ne, sai dai ka makara da shekara 1,600." Ko John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila, da ya yi wa'azin kammala, cikar ƙauna yake nufi, bai ce mutum zai daina kuskure ba. Ya buɗe mini Luka 6:36, inda maganar ta zo da cewa mu zama masu jinƙai kamar Ubanmu. Kalmar Helenancin da aka fassara "cikakke" a Matiyu ɗin, ya ce, tana nufin abin da ya kai gaci, kamar mangwaron da ya nuna a bishiya. "Kai kuwa nunar rana ka yi. Ina littafin?"

Na shafa aljihu. Na shafa ɗayan. A kan kujerar falo na bar shi.

Na tarar da ita zaune a tsakar gida, biro a hannu, littafin a cinya. Ta riga ta karanta shafuka huɗun da na ware mata. Ba ta goge ko layi ɗaya ba, ta dai koma ƙofar gaba ta ɗora daga inda na tsaya, da ƙananan rubutu, har kan bango.

"Na yi maka lissafi," ta ce ba ta ɗago ba. "Ka cinye 490 ɗinka tun shekarar da aka haifi babbar yarinya. Tun daga nan kyauta kake ci."

Na buɗe baki, ta miƙo hannu.

"Kawo kuɗin nama. Ka ƙara da na littafi mai falle 80, wannan ya cika."