Kafin a sayi gida a Maricopa, a tambayi ruwa

Wani labari ya yi ta yabon yadda gundumar Maricopa ta jihar Arizona a Amurka ke bunƙasa, har ta haura mutum miliyan 4.4 a ƙidayar 2020, amma bai taɓo maganar ruwa ba. A hamada kuwa nan gizo ke saƙa.

Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta 1980 ta wajabta wa mai yanka filaye shida ko fiye a yankin Phoenix, babban birnin jihar da ke cikin gundumar, ya nuna shaidar ruwan da zai isa shekara 100. Sai wasu suka riƙa yanka biyar-biyar don su kauce wa sharaɗin. Haka aka gina gidaje da yawa a Rio Verde Foothills, wata unguwa da ke wajen birnin Scottsdale, ba famfo, sai tankar ruwa. Ranar 1 ga Janairun 2023 birnin Scottsdale ya daina sayar wa tankokin ruwa, ɗaruruwan gidaje suka shiga uku. Don haka mai saye ya fara tambaya: ruwan na hukuma ne, rijiyar burtsatse ce, ko na tanka? In rijiya ce, ya nemi zurfinta da yawan abin da take bayarwa a minti ɗaya.

Sai zafi. A bazarar 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43, kuma gundumar ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar. Da yawa daga waɗanda suka mutu cikin ɗaki na'urar sanyaya ɗakinsu ce ta lalace. A kira mai gyara tun watan Afrilu, domin a Yuli layi ake bi.