Wa ke riƙe da akalar kuɗin koyar da ɗaliban likitanci a Kebbi?

Ɗiyar yayata tana aji huɗu a karatun likitanci, shekarar da ɗalibi ke fita daga aji ya shiga ɗakin majinyata. Kwanakin baya ta bugo mini waya ta ce, "Kawu, don Allah a taimaka mini da na safar hannu da takunkumi, an ce kowa ya zo da nashi." Na tura. Ba a jima ba sai ga batun kuɗin mota zuwa ƙauyen da aka tura su koyon lafiyar al'umma. Na ce mata, "Ɗiyata, duk wannan ba ya cikin kuɗin makarantar da aka biya?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ta tambayi na gaba da ita, babu wanda ya iya ce mata ga inda kuɗin koyar da su a asibiti yake fitowa. Ba zan ambaci asibitin ba, domin matsalar ba ta asibiti ɗaya ba ce. A tsarin ƙasar gaba ɗaya take.

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne, kuma iyaye biyu gare shi. Rabin farko a jami'a ake yin sa, ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da hukumar jami'o'i ta NUC. Rabi na biyu a asibitin koyarwa, wanda idan na tarayya ne yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, da shugabansa daban, hukumar gudanarwarsa daban, kasafinsa daban. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa don raba harajin ilimi da kamfanoni ke biya a lokacin, jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai yake bai wa kason shekara-shekara. Asibitocin koyarwa ba sa cikin wannan jerin kai tsaye. Ɗalibi na jami'a ne, gadon da yake koyo a kansa na asibiti ne. Jami'a na ganin ta miƙa yaro, asibiti na ganin kuɗinsa na jinya ne. Tsakanin nan ne kuɗin koyarwa ke faɗawa.

Mutane da yawa na ɗauka ɗalibi a asibiti ƙarin hannu ne na kyauta. Ba haka ba ne. Babban likitan da zai duba majinyaci cikin ƴan mintuna ya wuce, idan yana tare da ɗalibai sai ya tsaya: wannan ya taɓa ciki, wancan ya saurari ƙirji, a yi tambaya, a gyara kuskure. Layin da ke waje yana ƙara tsawo. Yaron da ke koyon sa allurar ƙarin ruwa zai ɓata ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya faɗa. Ana buƙatar mutum-mutumin roba da za a koyi ɗinki da karɓar haihuwa a kansa kafin a taɓa ɗan Adam, da ɗakin da masu aikin dare za su kishingiɗa, da motar kai su karkara, da wuta a ɗakin karatu. Ga kuma ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu ɗakin gwaji, waɗanda su ne ke nuna wa ɗalibi yawancin aikin hannu, amma ba kasafai ake lissafa lokacinsu a matsayin koyarwa ba.

Idan babu kuɗin da aka rubuta wa wannan aiki da sunansa, dole ya fito daga wani wuri. Ko dai daga abin da asibiti ke tarawa a wurin yankar kati da biyan gwaji, wato aljihun manomin shinkafar Suru da masuncin Yauri, ko daga aljihun iyaye, ko kuma a bar koyarwar ta yi ta raguwa shiru babu mai lura. Wannan na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali, don ba ya bayyana a takarda. Sai bayan shekaru, ranar da sabon likita ya tsinci kansa shi kaɗai da dare a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ga mace tana zubar da jini, sannan za a gane abin da ba a koya masa ba.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta Kebbi ce yanzu shi ne mu sababbin shiga ne. Tun da aka cire jihar daga Sakkwato a 1991, shekaru masu yawa ƴaƴanmu sai sun tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Zariya ko waje kafin su zama likitoci. An kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, daga baya aka ɗaga tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta koma asibitin koyarwa. Abin farin ciki ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Al'adar da aka fara da ita wajen rubuta kuɗi da bayyana shi, ita za a gada.

Ga kuma matsin lamba daga sama. A 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da ninka guraben ɗaliban likitanci daga 5,000 zuwa 10,000, saboda yadda likitoci ke barin ƙasar. Ninka ɗalibai a takarda abu ne na rana ɗaya. Gadaje da ƙwararrun da za su koyar ba sa ninkuwa da sanarwa. Majalisar likitoci ta MDCN tana ƙayyade wa kowace makaranta adadi gwargwadon malamanta da kayanta, kuma mun ga abin da ya sami ɗaliban likitancin haƙori a Jami'ar Kalaba a 2025, inda aka ɗauki fiye da adadin da aka amince, yara suka maƙale bayan shekaru suna karatu. Ita dai MDCN tana zuwa tantancewa ne lokaci-lokaci, ta ga gini da kaya da jerin malamai. Bin sawun naira wata-wata ba aikinta ba ne.

A Ingila tun shekarun 1970 aka ware wa asibitoci kuɗi na musamman don cike ƙarin nauyin koyar da ɗalibai, daga baya aka mayar da shi farashi ƙayyadadde da ke bin kowane ɗalibi duk inda aka tura shi. Amma ko a can an daɗe ana ƙorafin cewa kuɗin na narkewa cikin hidimar asibiti ta yau da kullum, har a kasa nuna abin da aka yi da shi. Ashe ware kuɗin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a iya bin sawunsa.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. A sami layi guda a kasafi mai suna koyar da ɗalibai a asibiti, a lissafa shi bisa yawan ɗalibai da makonnin da suka yi, ya bi ɗalibin. Idan an tura shi Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin Argungu ko na Zuru, kasonsa ya je can, kada ya tsaya a hedikwata. Jami'a da asibiti su sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya kan wa ke sayen me. A ƙarshen shekara a liƙa bayanin abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sanarwa da shafin intanet, kuma wakilin ɗalibai ya zauna a teburin da ake duba shi, domin ɗalibi ne kaɗai ya san ko motar da aka ce an saya ta taɓa ɗaukarsa.

Na san za a ce asibitin da ke fama da kuɗin man janareta ina ya ga sararin killace wasu kuɗi. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai a yanzu ma ana kashe kuɗin, a ɓoye ne kawai, kuma talakan da ya zo jinya ne ke ɗauka. Rubuta shi a fili ne zai ba shugaban asibiti hujjar da zai je Abuja da ita ya ce ga abin da koyarwa ke ci, a biya.

Cibiyoyin tarayya suna ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, don haka ƙungiyar iyaye ko ta ɗalibai ko ɗan jarida na da ikon rubuta wasiƙa ya nemi waɗannan alƙaluma. Sanatocinmu uku da ƴan majalisar wakilanmu su ma suna zaune lokacin da ake kare kasafin lafiya da na ilimi. Asibitocin jiha kuwa, da kuɗin da ake kashewa kan ɗaliban da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, a hannun Majalisar Dokoki da babban mai binciken kuɗi na jiha suke. Idan kwamishinan lafiya ya zo kare kasafinsa a Birnin Kebbi, ina roƙon kwamitin lafiya ya tambaye shi ɗalibai nawa suka yi horo a asibitocin jiha bara, nawa aka kashe a kansu, kuma daga wane layi aka ciro.