Dam ɗin Dadin Kowa zai iya zama batirin Gombe ba tare da an tura ruwa sama ba

Rana ba ta yi mana rowa a Gombe. Matsalar tana zuwa ne da magariba: daidai lokacin da farantin sola ya daina bayarwa, lokacin ne mai shago ke kunna fitila, gidaje ke neman fanka. Shi ya sa ake ta maganar ajiye wuta a madatsun ruwa.

Dabarar da aka fi sani tana buƙatar tafki biyu, ɗaya a kan tudu, ɗaya a ƙasa. Da rana rarar wutar sola ta tura ruwa sama, da dare a sako shi ya juya injin. Cikin yunit goma na wuta da aka kashe, bakwai zuwa takwas ke dawowa. Afirka ta Kudu na yin haka a Ingula, mai megawat 1,332. Sai dai tsawo shi ne jarin: ruwa lita 1,000 da ya faɗo daga mita 100 bai wuce yunit 0.27 ba, tun kafin a cire asara. Kenan a dam irin Gubi, da Bauchi ke shan ruwansa, sai an haƙa sabon tafki a kan dutse, an ja manyan bututu. Kuɗin ba na wasa ba ne.

A ganina Dadin Kowa ya fi sauƙi, domin injinan megawat 40 suna nan a kan kogin Gongola. A shimfiɗa faranti kusa da tashar, su yi amfani da layinta. Da rana sola ta ɗauki kaya a rage sakin ruwa, da yamma a buɗe. Ruwan da aka riƙe shi ne batirin. Ghana ta haɗa sola da dam ɗinta na Bui.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasan dam. Manomin rani da rana yake ban ruwa, kuma ruwan da aka sako gaba ɗaya da dare yana cin gaɓa, ya kwashe komar masunci. Dole a gina ƙaramin tafki a ƙasa da zai riƙa tare shi yana saki a hankali. A Agusta da Satumba kuwa, idan dam ya cika, babu wurin ajiya, sakin ruwa tilas ne. Ga ƙurar hunturu, da ke rage ƙarfin faranti in ba a wanke ba.

Kafin a sayo faranti ko ɗaya, a fara rubuta wa ke da ikon buɗe ƙofar ruwa da ƙarfe shida na yamma a watan Maris: masu wuta ko hukumar kogi mai kula da manoma.