Mun saba da ƙuda har mun daina ganinsa

Jiya da la'asar na tsaya sayen kifi a kasuwar Argungu. Ina kallo ƙuda ya taso daga kwatar da ke gefen rumfa, ya sauka kan soyayyen kifi yana murza ƙafafu. Mai kifin ta kaɗa mafici, ya tashi ya dawo. Wani yaro ya miƙa kuɗi, aka ƙunshe masa wannan kifin a takarda. Wallahi har na kwanta abin yana raina.

Jama'a, ƙuda ba shi da haƙori. In ya sauka kan tuwo, amayo abin da ke cikinsa yake yi ya narkar da abincin sannan ya tsotse, yana ci yana kashi a wurin. Ƙafafunsa kuwa gashi ne tsil-tsil, duk inda ya taka sai ya kwaso. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya gano bakteriya iri sama da 300 a jikin ƙudan gida, mafi yawa a ƙafafu da fukafukai. Atini da taifot da gudawar da ke kwantar mana da yara duk yana cikin masu yi musu dako.

Amma ni ban yarda a ɗora wa mai kifi laifin ita kaɗai ba. Daga ina ƙudan ya fito? A bola da kashin dabbobi da bahayan da ake yi a fili yake zuba ƙwai, wajen 100 a zama guda, kuma a zafi irin namu kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan ya zama tsutsa, ya tashi da fukafukai. Masan gidajenmu nawa ne ke da marfi? Fo ɗin yaro sai ya wuni a tsakar gida, ga ƙwaryar fura nan kusa babu faifai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙuda a idon jariri, yana lasar kwantsa, manya na zaune suna hira. Ta haka dangin ƙudan nan ke kai amosanin ido daga yaro zuwa yaro, ciwon da ya makantar da tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu. Ruwan buta ɗaya da sabulu sun isa a wanke fuskar nan.

Yau da safe na sa an yanko mana katako an rufe bakin masai. In na koma kasuwa kuma, wurin mai rufe kifinta da raga zan saya, ko da ta ɗora mini naira 100.