Masu layin shinshina furen mushe ba mahaukata ba ne

Jiya da daddare a teburin mai shayi aka tayar da maganar mutanen birnin Sidni na Ostireliya, waɗanda a watan Janairun 2025 dubbansu suka yi ta bin layi na sa'o'i don su shinshina wani fure mai warin mushe. Aka yi ta shewa. Wani abokina ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wai wanda bai ci na rana ba ina ya ga ta fure. Na yi dariya tare da su, amma har na kwanta raina bai yarda da shi ba.

Furen nan asalinsa dazukan tsibirin Sumatra ne a Indonesiya. Can suna ce masa bunga bangkai, wato furen mushe, masana kuma Amorphophallus titanum. Abin da zai ba ku mamaki, dangin gwaza ne. Yana da curi a ƙarƙashin ƙasa wanda kan iya fin buhun siminti nauyi, kuma shekara da shekaru ganye ɗaya tak yake fitarwa, ganyen da idan ka gani sai ka rantse bishiya ce. Sai ya yi shekara bakwai zuwa goma yana tara ƙarfi kafin ya yi furen farko. Tsayinsa kan kai mita 3. Ya buɗe, kwana ɗaya ko biyu, ya langaɓe. Shi ke nan.

Warin kuwa dabara ce. Ba ruwansa da ƙudan zuma, ƙudaje da ƙwarin da ke bin mushe yake nema. Cikinsa ja ne wur kamar nama, kuma yana ɗumama kansa har kusan zafin jikin mutum don warin ya yi nisa a cikin daji. Ƙwaro ya taho da murna zai yi ƙwai a kan gawa, ya tarar ba komai, ya fita da garin barbara a jikinsa ya kai wa wani furen. Tsiro ba ido ba baki, amma ya iya damfara! Ikon Allah. Ni dai wannan ya isa in tsaya layi.

Tun 1889 da ya fara buɗewa a lambun Kew na Landan ake wannan tururuwa. Yau kuma dajin nasa ake sarewa ana dasa kwakwar manja, har ya shiga jerin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na tambayi masu dariyar nan ko akwai wanda ya taɓa ganin furen kuka yana buɗewa. Shiru. Mutanen da kullum sai sun sha miyar kuka! Alhali farkon damina yake fitowa, fari fat, yana reto a doguwar igiya kansa a ƙasa. Sai bayan magariba yake buɗewa, shi ma da ɗan warinsa, jemagu su yi ta kai da komowa a kansa har asuba. Kafin yammacin gobe ya dafe, daga nan sai ka tsince shi a ƙasa awaki na ci. Kakata ta hana mu zuwa gindin kuka da dare, wai gidan aljanu ne, don haka ni ma sai da na girma na gan shi, da fitilar waya, ina yi ina waige.